Damin Gindin Ɗorawa

Babana da Baffa ba su taɓa gaisawa da harshen uwar ɗayansu ba. Baba Gbagyi ne, manomi, haifaffen ƙauyenmu da ke bayan Karmo tun kafin gari ya iso mu. Baffa kuwa Bafulatani ne mai shanu. Ba mu haɗa jini da shi ba, na dai tashi na ji ana ce masa Baffa a gidanmu, ni ma na bi. A Hausa suke haɗuwa, kowa da irin tasa karyayyar. Baba ya mai da mace namiji, Baffa ya ja kalma har ka gaji da jira, ni kuwa da uwata Bazazzagiya ce sai in koma bayan rumbu in yi ta ƙyalƙyala dariya. Baba yana ce masa Mai Sanda, shi kuma yana ce wa Baba Mai Doya. Ban taɓa jin sun kira juna da sunan yanka ba.

Ga abin da ke tsakaninsu. Da damina Baffa kan kwashi iyalinsa da shanunsa su yi nisa da gonaki, kada dabba ta shiga amfanin wani a ji kunya. Sai kaka ta yi su dawo su sauka bayan dutsen da ke arewa da mu. Shi kuma Baba, ranar da ya gama yankan dawa, sai ya zaɓi kawunan da suka fi cika, jar dawa, ya ɗaure dami guda da kaba, ya saɓa a kafaɗa yadda mutanenmu ke ɗaukar kaya, ya kai gindin ɗorawar da ke bakin gona ta wajen hanyar dutse, ya jingine. Ba ya aiken kowa. Damin nan shi ne saƙon: an gama, gona taku ce. Baffa ya sauko da sassafe ya duba. In ya ga dami ya ɗauka, kwana biyu a tsakani sai mu ji kukan shanu. Su ci kara da harawa, su riƙa kwana a gonar, su bar mana taki. In bai ga dami ba sai ya juya, ya sake dawowa wata rana. Bai taɓa buɗe baki ya roƙi Baba ko da ciyawa ba, kuma Baba bai taɓa ce masa ya kawo shanu ba.

Lokacin da na fi so a shekara ke nan. Matar Baffa ta zo da ƙwaryar nono da man shanu, gidanmu ya cika da ƙamshi, tsofaffin biyu kuma su baje a gindin ɗorawa suna musun da ba ya ƙarewa.

"Kai Mai Doya, kullum a duƙe, me ka yar a ƙasar nan ne ka kasa samu?"

"Gara ni," in ji Baba. "Kai saniya ne oganka. Ya tafi ka tafi, ya tsaya ka tsaya."

Haka za su wuni. Uwata, Allah ya jiƙanta, takan ce in ka raba su da juna ba ka bar musu abin yi ba.

To, gari ya yi ta matsowa. Inda muke tsinkar kanya aka yi rukunin gidaje. Burtalin da shanu ke bi zuwa rafi aka datse shi da katanga, aka sa kwalabe a kai. Kowace shekara Baffa ya dawo sai ya tarar hanyarsa ta ƙara tsukewa, shanunsa kuma suna raguwa. Wata kaka na kai musu ruwa na ji yana cewa, ba da wasa ba a wannan karon, "Ko'ina waya, Mai Doya. Saniya ta ɗaga kai waya, ta sunkuya waya. Taka kaɗai ta rage." Baba ya ce masa tasa kam sai dai in ya mutu. Na ji da kunnena.

A shekarar da tallafin ya zo na riga na yi aure, ina zaune cikin Karmo, ina aikin buga takardu a wani shago a Garki. Matan ƙauyenmu sun haɗa ƙungiya. Shugabarsu ba 'yar ƙauyen ba ce, rusau ne ya koro ta da 'ya'yanta ta zo ta zauna cikinmu, mace mai zafin nama da babbar murya, muna ce mata Mama. Ita ta jiyo a cocinsu cewa wata ƙungiya mai ofis a Maitama tana ba da tallafi ga masu noma irin wanda ba ya kashe ƙasa: ba takin zamani, ba feshi, a noma kayan miya a sayar a kasuwannin kusa. Za a haƙa rijiyar burtsatse, a sa sola, a ba da iri, a koya wa mata haɗa taki da kansu.

Ni na buga musu takardun, kuma ko yau aka ce in sake bugawa zan buga. Kada wanda ya yi mini kallon banza. Matan nan itace suke sarowa su kai gari a kafaɗa, har itacen ya ƙare, wasu suka koma fasa dutse, wasu wanki a gidajen mutane. Ranar da aka kira Mama aka ce an dace, a tsakiyar shago na rangaɗa guɗa, oga ya leƙo yana tambaya ko an yi mini haihuwa ne.

Sai maganar fili. Babu gonar da ta rage mai girma ba rigima a kanta sai ta Baba. Bai ja ba, ya ba mata rabin da ke sama, ta wajen ɗorawa, don nan motar haƙa za ta iya shiga. Amma da aka ce sharaɗi ne a kewaye gonar duka da waya, saboda awaki da ɓarayi da masu zuwa da takardar ƙarya su ce filinsu ne, sai tsoho ya miƙe tsaye.

"Shanu fa?"

Yarinyar da ofishin ya turo, wata mai hankali, ta tambaya waɗanne shanu. Da aka yi mata bayani ta yi murna ma, ta ce ai kashin shanu shi suke nema, a bar ƙofa ko wace iri Baba yake so. Shi da kansa ya auna ta da ƙafarsa, ya ce a buɗa ta yadda shanu za su shiga ƙaho bai taɓa ƙaho ba. Sai dai ba a iya yin ta a wajen ɗorawa ba, don nan tanki yake da bututu da kwamin shukar mata. Aka yi ta can ƙasa, ta wajen rafi. Gonarmu gangare ce. In ka tsaya a gindin ɗorawa ba abin da za ka gani sai waya da tanki da wani ƙaton allo mai rubutun Turanci.

Duk wannan da damina aka yi shi, Baffa ba ya nan.

Na ce, "Baba, ka aika a gaya masa tun bai zo ba."

Ya ce, "Uwata, dami zai gaya masa." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce to ko a waya. Wace waya? Ta Baba tana cikin gwangwani a kashe, sai in za a kira shi a aika yaro ya ce ya kunna. Mutanen nan biyu sun tsufa tare amma ba wanda ya san lambar wani, me za su yi da ita? Ni dai na san kunya ce ta hana shi aike. Mutumin da ya ce sai in ya mutu, ga shi da ransa, ga waya kewaye da gonarsa.

Kaka ta yi. Damin da Baba ya ɗaure a shekarar ban taɓa ganin ya ɗaure irinsa ba, da ƙyar ya saɓa shi. Ya kai ya jingine. Da ya koma washegari da hantsi babu dami. Ranar da na je ƙauye na tarar da shi baki har kunne.

"Mai Sanda ya ɗauka," ya ce. "Ban gaya miki ba?"

Ya buɗe ƙofar rafi ya tokare ta da duwatsu. Ya share gindin ɗorawa, ya aika aka sayo goro. Kwana biyu suka wuce, shiru. Mako ya wuce. Ya ce wataƙila wata saniya ce ke kan haihuwa. Wani makon ya wuce, ya ce wataƙila matar Mai Sanda ce ba lafiya. Mata suka zo za su kwashe kara su zuba a ramin taki yadda aka koya musu, ya kore su da fartanya, yana cewa karan nan da masu shi. Na ce masa, "Haba Baba, bayan dutsen nan fa ba Makka ba ne, ka taka ka gani mana." Ya ce a'a, wanda ya ɗauki dami shi ke zuwa. In ya bi shi har ruga sai a ce takinsa ya biyo. Kai, tsofaffin nan da taurin kai! Goron ya bushe a cikin tsumman algarara da aka naɗe shi, ya sake aikawa aka sayo wani.

A tsakanin nan an yi wani baje koli a Maitama, inda duk ƙungiyoyin da suka sami tallafi suka kai abin da suka noma. Baba ba ya zuwa taro, ni kuma oga ya hana ni fita ranar. Sai daga baya aka turo mini hotuna a waya. Wata Lahadi na ga tsohon ya yi zuru yana kallon hanyar dutse, na ce bari in faranta masa, na zauna kusa da shi ina nuna masa. Ga Mama ta sha anko, ga manyan baƙi da tabarau, ga tebur da farin ƙyalle, tumatir da alayyahu da kuɓewa an jera gwanin sha'awa. A tsakiyar teburin kuma wani ƙaton damin jar dawa a tsaye, an ɗaura masa kintinkiri.

Baba ya ce, "Matso da shi."

Na buɗa hoton da yatsu. Ya daɗe yana kallon ƙullin kabar. Kowane manomi da irin ɗaurinsa, na Baba sau biyu yake zagayawa ya cusa jelar ta ƙasa.

"Wannan nawa ne," ya ce.

 Ban tsaya neman mayafi ba, na nufi gidan Mama, na ɗaga mata murya a gaban 'ya'yanta. Ashe da asubar ranar taron suna loda kaya a mota ta ga dami a gindin itace, ta ɗauka mantawa aka yi da shi, ga shi kuma an ce su zo da abin da zai nuna abincin gargajiya. Ta ce ta yi niyyar gaya wa Baba, hidima ta sha kanta. Ta san shanu suna zuwa duk shekara, amma ba ta san dami ke kiran su ba, don Baba bai taɓa zama ya bayyana wa kowa ba. Na ce to ina damin? Wai wata baƙuwa ta yaba, aka ba ta, za ta ajiye a falonta. A falo! Saƙon babana, an kai shi falo ana ado da shi. Mama ta fashe da kuka, ni ma na fashe, na rasa wanda zan zaga.

A ranar yayana ya ɗauko babur, muka hau da Baba muka zaga bayan dutse. Babu kowa. Toka ce kawai a inda aka yi murhu, da ramukan turaka, da kashin shanu da ya riga ya bushe ya yi fari. Sun sauka, sun kuma tashi tun tuni. Baba ya zagaya wurin a hankali, ya tsaya a inda bukkar Baffa take zama duk shekara, ya kira, "Mai Sanda!" Yayana ya kawar da kai. Muka dawo gida.

Ni na samo sauran labarin, a kasuwar Karmo, wurin wata mai tallan nono da ta san su. Ta ce Baffa ya sauka gona da asuba, ya dawo. Washegari ya sake sauka, ya sake dawowa. Da yamma ya ce a kwance bukkoki. Matarsa ta tambaye shi lafiya, ya ce gonar Mai Doya ma an sa waya, kuma babu dami. 'Ya'yansa suka fara magana, ya tsawatar musu, ya ce kada wanda ya zagi mutumin nan, iyali gare shi, gari ne ya zo ya fi ƙarfinsa. Na ce ina suka nufa? Ta ce sun yi kudu, iyakar abin da ta sani ke nan.

Na yi ta tunanin ko in ɓoye wa Baba, na ga ba zan iya ba. Da na gama faɗa masa ya ce, "Da ma ya zage ni." Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

Mun bi. Yayana ya yi ta zarya kasuwar shanu ta Dei-Dei yana ba dillalai saƙo, in sun ga wani dogon tsoho mai kaza da kaza su ce masa akwai ƙofa. Wani ya ce ya gan shi ta wajen Nasarawa, wani ya ce sun haye kogi. Ba wanda ya dawo mana da amsa.

Lambun mata kuwa ya yi albarka, ba zan yi ƙarya ba. Har yau masu abinci a Garki suna aikowa a sayi ganye, ni ma da shi nake miya. Matan da ke fasa dutse sun bari. Baba bai taɓa gaba da lambun ba, shi ke gyara musu bututu in ya fashe, kuma ya yafe wa Mama tun kafin ni in yafe mata. Abu biyu ne kawai ba a taɓa masa. Ba a sa kwaɗo a ƙofar rafi, kuma duk kaka sai ya kai dami gindin ɗorawa. Tsuntsaye su ci, awaki su ja sauran, ya kwashe karan ya share wurin. Ya daina musu da kowa. Mutumin da in ka ce masa rana ta fito sai ya ce ba ta fito ba, ya koma komai ka faɗa ya ce haka ne. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Wata damina Baba ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Cikin abin da ya bar wa yayana har da cewa in an yanke dawa a ajiye dami. Yayana ya ajiye, duk da ƙullinsa bai kai na Baba kyau ba.

Wata Asabar da safe, a kakar shekarar, na je lambu sayen ganye, sai na hango wani tsoho a gindin ɗorawa, ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai. Kwandon ya faɗi daga hannuna. Baffa ne, ya rame ƙwarai, rigar kamar ba tasa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce a wata kasuwa mai nisa ya ji rasuwar, a makare, shi ne ya shigo mota ya zo ta'aziyya. Ya yi wa Baba addu'a. Na tambayi tsohuwa, ya ce ta riga mu gidan gaskiya. Na tambayi shanu, ya ce, "Babu, 'yata. Ciwo ya ci, ɓarayi suka ci, sauran yara sun sayar sun shiga gari."

Sai ya nuna damin da sandarsa. "Wannan na wane ne?"

"Naka ne, Baffa."

Na gaya masa duka, ina kuka ina faɗa, har da falon. Kuma Allah ya yafe mini, na yi wa dattijo tsawa. Na ce, "Baffa, me ya hana ka tambaya? Gidanmu ga shi can, ka san hanya! Ko yaro ka aiko mana! Kun kashe kanku a banza, kai da shi!"  Na ce ya biyo ni. Muka bi gefen waya muka gangara, yana dogara sanda, har muka iso wajen rafi.

Ƙofar tana buɗe, duwatsun da Baba ya tokare ta da su suna nan, ciyawa ta fito a gindinsu. Baffa ya tsaya. Ya dubi wannan turke, ya dubi wancan. Ya taka daga ɗaya zuwa ɗaya a hankali, ya dafa ƙarfen.

"Wannan ba ƙofar mutane ba ce," ya ce.

"Shi ya auna ta da ƙafarsa. Tun kafin ka zo take nan."

 Da ya buɗe baki muryar ba ta fita sosai.

"Waya na gani, 'yata. Ban zaga ba."

Ya zauna a ƙasa a tsakiyar ƙofar, ya ja rawani ya rufe fuska. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baffa ba, ranar ma ban gani ba, kafaɗunsa kawai na ga suna rawa. Matan lambu suka ajiye butocin ban ruwa suka yi tsaye daga nesa, Mama tana cikinsu, hannu a ka.

Yayana ya kai shi kabarin. Ya ƙi kwana. Da zai tafi ya koma gindin ɗorawa ya sunkuya zai ɗauki damin, yayana ya ce bari ya ɗora masa a babur, ya ce a'a, shi ke ɗauka. Ya saɓa shi yana tangaɗi ya nufi bakin titi, ba mu sake jin labarinsa ba.

Ban koma Karmo ba a ranar, na ce wa maigidana zan ƙara kwana biyu. Na san babu shanu, da bakinsa ya gaya mini. Amma an ɗauki dami, kuma a safiya ta biyu tun kafin gari ya waye na fito tsakar gida na tsaya ina saurare. Na tsaya har rana ta fito, injin rijiyar mata ya tashi, ruwa ya fara zuba a tanki.